Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwanturola Janar na Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya kan kumfa da iskar da muke kashe wuta da su

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan jami'anka, musamman na bakin fama da ke kutsawa inda kowa yake gudu, Allah ya tsare su, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Daga Jos na rubuto wannan takarda, da bakina da bakin 'yan uwana masu sana'ar cikawa da gyaran tukwanen kashe wuta, da 'yan kasuwar da muke hulɗa da su a Terminus da Katako da Bukuru, sannan da masu lambu na bakin Dilimi waɗanda ba su san komai a kan kemikal ba amma ruwan da ke bi ta gonakinsu shi ne a tsakiyar maganar nan. Ina roƙon shugabannin NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da SON mai kula da ingancin kaya da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya su ma su ɗauka da su nake, don aikin ya fi ƙarfin ofis ɗaya.

Mutumin Jos ba a koya masa tsoron gobara. Babbar kasuwarmu ta Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, har yau akwai gidajen da ba su miƙe ba daga wannan asarar. Mun ga abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 inda tankar mai ta hallaka fiye da mutum 150, muka sake gani a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a Janairun 2025, ga Hawan Kibo nan kusa da mu da tankoki ke kifewa. Saboda haka kar wani ya karanta wannan ya ce muna so a rage wa 'yan kwana-kwana kayan aiki, wallahi ƙari muke so a yi musu. Damuwarmu ita ce irin kayan da za a ƙaro. Ƙasashen da suka ƙirƙiro waɗannan sinadarai suna ta kwashe su daga sito-sitonsu yanzu haka, kuma duk wanda ya san kasuwar ƙasar nan ya san inda kayan da aka tsana a Turai suke ƙarewa idan babu mai tsaron ƙofa.

Zan fara da kumfa don ita ce babba. Kumfar da aka fi sani wajen kashe wutar fetur da dizal da man jirgi ita ce AFFF, sojojin ruwan Amurka da kamfanin 3M ne suka haɗa ta a shekarun 1960, kuma bayan gobarar jirgin ruwan yaƙi na Forrestal a 1967 da ta kashe mutum 134 sai ta zama dole a wurinsu, daga nan ta bazu duniya. Tana aiki, wannan ba mai musu. Ana sirka ta da ruwa kashi 3 ko 6 cikin 100, wato jarka ɗaya mai lita 20 ta irin kashi 3 tana haɗa ruwan kumfa sama da lita 600, idan aka watsa sai wani siririn ruwa ya fita daga kumfar ya malale a kan man ya rufe shi ruf, tururin mai ya kasa tashi, wuta ta mutu nan take. Abin da ke ba ta wannan ƙarfin shi ne dangin sinadaran da ake kira PFAS, waɗanda aka gina su da kabon da fulorin a ɗaure da juna ɗaurin da rana ba ta kwance shi, ƙwayoyin ƙasa ba sa cin sa, tafasa ruwa ma ba ya taɓa shi. Wutar za ta mutu a cikin mintuna, sinadarin kuma ya nutse ƙasa ya bi ruwa ya shiga rijiya, ya shiga kifi da ganye da nono, idan ya shiga jinin mutum sai ya yi shekaru kafin rabinsa ya fita.

Waɗanda suka riga mu amfani da ita sun riga mu ganin sakamakon. A Ostireliya akwai garuruwan Williamtown da Oakey da Katherine da ke maƙwabtaka da sansanonin jiragen soja, shekara da shekaru ana atisaye da kumfar nan tana bin ƙasa, ƙarshe aka ce wa mutane su daina shan ruwan rijiyoyinsu, wasu aka ce kar su ci ƙwan kajinsu da kifin rafinsu, gidajensu suka faɗi daraja, sai a 2020 gwamnati ta yarda ta biya su diyyar dalar Ostireliya miliyan 212.5. A Amurka kamfanin 3M ya amince a 2023 zai biya hukumomin ruwan sha aƙalla dala biliyan 10.3 don tace ruwa, a 2024 kuma hukumar muhallinsu ta sa iyakar PFOA da PFOS, biyu daga cikin dangin PFAS ɗin nan, a ruwan sha a kashi 4 cikin tiriliyan. Yallaɓai a duba ƙanƙantar wannan adadin, sannan a tuna mu a nan da durom-durom ake maganar. Hukumar binciken kansa ta duniya IARC a ƙarshen 2023 ta sa PFOA a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, PFOS kuma a sahun waɗanda ake zargi. Su suna da biliyoyin da za su tace ruwa da kotunan da za su ƙwato diyya. Idan rijiyoyin wata unguwa a Jos suka gurɓata, wa zai tace mana?

Kuma ba wai ƙasarmu ba ta da hannu a dokar ba ce. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Stockholm ta duniya kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, wadda ta sa PFOS a jerin abubuwan da aka taƙaita tun 2009, ta sa PFOA a jerin waɗanda za a kawar a 2019, ta ƙara ɗan uwansu PFHxS a 2022. A kan kumfa mai PFOA yarjejeniyar ta yi magana a fili, ba a atisaye da ita, ba a shigo da ita ko a fitar da ita daga ƙasa sai dai don a lalata ta ta hanyar da ta dace. Wannan magana tana nan a takarda, amma ba ta iso bakin shago ba, ba ta iso gidan mai ba, ba ta iso wurin manajan otal ɗin da ke sayen tukunya don kawai masu dubawa su gani a rataye ba.

Kwanakin baya wani mutum ya zo layinmu da motar ɗaukar kaya, shuɗayen durom a baya, ya ce ruwan kumfa ne na wani kamfani da ya rufe, yana sayarwa a ƙasa da rabin kuɗin kasuwa. Lebul ɗin wasu an kankare, wasu da wani yare ne da ba mu iya karantawa, babu ranar da aka yi shi, babu takardar bayanin sinadari. Mu da muka ƙi saye mun ƙi, amma motar ba ta koma da kaya ba, an samu masu saye, kuma ban ga laifinsu sosai ba don kwastoma kullum arha yake nema kuma babu wata takarda da ta ce wannan haramun ne. Wannan kumfar yanzu tana cikin tukwane a wasu gidajen mai da shaguna. Na kuma taɓa tsayawa a harabar wani kamfani ana koya wa ma'aikata kashe wuta, aka kunna dizal a rabin durom aka yi ta watsa kumfa kowa yana gwadawa ana tafi, da aka gama sai aka jawo tiyo aka kora ta cikin kwata, yaran unguwa suna bin ta suna wasa da hannu. Kwatar nan rafi take zuwa.

A nan ne maganar Jos ta bambanta da ta sauran wurare, kuma ina so a tsaya a kai. Tsaunin Jos uwar ruwa ce. Kogin Kaduna daga nan ya taso, Gongola ma haka, Dilimi da ta ratsa tsakiyar gari ita ce ke gangarawa Bauchi ta haɗu da ruwan Jama'are har ya nufi tafkin Chadi. Ga kuma ɗaruruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, waɗanda ruwansu a tsaye yake ba ya tafiya ko'ina, duk abin da ya shiga ya zauna kenan. Da ruwan nan ake noman rani, da shi ake ba kabeji da karas da latas da tumatir da dankalin turawa, kayan da ake lodawa a Farin Gada su kwana a hanya su wayi gari a kasuwannin Abuja. Unguwanni da yawa kuma ba su ga ruwan famfo sai jefi-jefi, rijiya da burtsatse ne abin sha. To sinadarin da ba ya ruɓewa idan ya shiga ruwan Jos ai ba na Jos kaɗai ba ne, har teburin cin abincinku zai iso, ranka ya daɗe.

Sai su kansu jami'anku. Su ne ke juye ruwan kumfa daga jarka zuwa tankin mota, sau da yawa hannu tsirara, su ne take jiƙa wa kaki, su koma gida da shi matansu su wanke a baho ɗaya da kayan yara. Tun a 2022 IARC ta sa aikin kashe gobara kansa a sahun ayyukan da ke jawo kansa saboda hayaƙi da sauran abubuwan da suke shaƙa. Mutumin da ke ɗauke da wannan nauyin bai kamata a ƙara masa wani da hannunmu ba alhali akwai madadi.

Abu na biyu iskar kashe wuta, irin wadda ake sa wa a ɗakunan kwamfuta da bankuna da ɗakunan na'urorin sadarwa. Tsofaffin masu sana'armu sun san koriyar tukunyar nan ta BCF, wato halon 1211, da 'yar uwarta halon 1301 da ake jerawa a manyan silinda. Ba a taɓa yin iskar da ta kai ta iya kashe wuta ba tare da ɓata kaya ba, amma burom ɗin da ke cikinta yana cinye lemar ozon da ke tare mana zafin hasken rana, halon 1301 ya ninka iskar tsofaffin firji ta CFC-11 sau 10 wajen wannan ɓarnar. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta kawo ƙarshenta, ƙasashe masu arziki suka daina yin ta daga 1994, masu tasowa irinmu daga 2010. An daina yi amma tsofaffin tukwanen ba su ɓace ba, suna nan a tsofaffin ofisoshi da sito da gidajen da aka gada, kuma idan aka tashi gyaran gini sai a haɗa su da tarkace a sayar wa 'yan gwangwan, shi kuma ɗan gwangwan ƙarfe yake so, sai ya buɗe bakin ya sake iskar sama ya fasa tukunyar. Na ga wannan da idona fiye da yadda zan so. Abin takaicin shi ne halon ɗin nan kaya ne mai daraja, har yanzu jiragen sama suna dogara da wanda aka tattara aka tace, da akwai wurin da mutum zai kai a karɓa a ba shi ɗan wani abu da ba wanda zai sake ta a iska.

Da aka bar halon sai aka koma HFC-227ea da aka fi sani da FM-200, ita ba ta taɓa ozon, shi ya sa har yau 'yan kwangila ke tallata ta a matsayin mai tsafta. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Kilo ɗaya nata idan ya tashi sama yana ɗumama duniya kamar hayaƙin kabon sama da tan 3, kuma ɗakin kwamfuta ɗaya yana iya cin kilo ɗari ko fiye. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montreal a Kigali a 2016 ya sa dangin iskar HFC a layin ragewa, Najeriya ta amince da shi a 2018, kuma jadawalin rukuninmu shi ne a tsayar da ƙari daga 2024, a rage kashi 10 cikin 100 a 2029, a yi ta ragewa har kashi 80 a 2045. Duk ma'aikatar da ta sa FM-200 a sabon gini yau ta sayi abin da cika shi zai yi ta tsada kowace shekara. Wanda ya zo bayanta kuma, Novec 1230, ba ya daɗewa a sama kuma ɗumamarsa kaɗan ce ƙwarai, amma shi ma ɗan gidan fulorin ne, kuma 3M ya sanar tun Disambar 2022 cewa zai fita daga harkar PFAS baki ɗaya zuwa ƙarshen 2025. Sannan duka biyun idan suka haɗu da harshen wuta mai zafi suna fitar da wata iska mai guba da ke cin huhu da ido, abin da ba kasafai ake gaya wa masu gadin da za su fara shiga ɗakin ba.

Na uku hoda, ita ce ta talaka, ita ce a motar haya da shago da gida. Ita matsalarta ba ta kai ta kumfa ba ta fuskar muhalli, hodar ABC asalinta sinadari ɗaya ne da wanda ke cikin takin zamani na MAP, ta BC kuma dangin bakin soda ce. Matsalar algus ce da rashin sani. An sha kawo mana tukunya sabuwa fil da agogonta a kan kore, mu buɗe mu tarar da hoda ta daskare kamar dutse ko wani farin gari da ba mu san ko mene ne ba. Wasu kuma suna haɗa ABC da BC a tukunya ɗaya don su cike awo, alhali ɗaya mai tsami ce ɗaya mai kanwa, da danshi ya shiga sai su ci juna su dunƙule su tara iska, ranar gobara a matsa ba abin da zai fito. Direba ya saya don kar jami'an hanya su tare shi, bai san ba ta aiki ba sai ranar da injinsa ya kama. Hodar da ta lalace kuma a bola ake zubarwa ko a kwata don ba a nuna mana wani wuri ba.

Yanzu madadin. Kumfa marar fulorin ta daɗe da fita daga ɗakin gwaji. Yawancin filayen jiragen farar hula na Ostireliya sun koma kanta tun 2010, Heathrow na Landan da filin jirgin Kopenhagen su ma da ita suke aiki, jihar Queensland ta kafa dokar taƙaita mai fulorin a 2016, Kudancin Ostireliya ta hana a 2018, ma'aikatar tsaron Amurka da ta haifi AFFF ita kanta ta fitar da ma'aunin kumfa marar fulorin a Janairun 2023. Ga ɗakunan na'urori akwai iskar naitirojin da agon, irin su IG-541 da IG-55, waɗanda daga iskar da muke shaƙa aka tace su, suna rage iskar da wuta ke ci ne kawai har ta mutu, akwai kuma feshin ruwa mai laushi kamar hazo.

Amma zan faɗi gaskiyar da masu talla ba sa faɗa, don kar a yi gaggawar da za ta ci rai. Kumfa marar fulorin ba ta yin wancan siririn rufin, da kaurin bargonta take aiki, dole a watsa ta a hankali ta kwanta a kan mai, sau da yawa ana buƙatar mai yawa fiye da AFFF, wasu nau'o'in suna da kauri har na'urar sirkawa ta tsohuwar mota ba za ta ja su daidai ba. Idan aka zuba ta a tankin da ba a wanke sosai ba ragowar tsohuwar za ta gurɓata ta, ruwan wankin kuma shi ma guba ne sai an tare shi. Ita kanta idan ta kwarara kududdufi da yawa tana shanye iskar ruwa kifi ya mutu, bambancin dai ita tana ruɓewa a cikin makonni. Silindar naitirojin kuma tana cin wuri fiye da FM-200. Duk wannan aiki ne na horo da gwaji da kuɗi, shi ya sa muke so a fara yanzu da tsari tun kafin kasuwar duniya ta tilasta mana a rana ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da abin da za mu gwada namu. Tsohuwar kumfar furotin da aka yi amfani da ita kafin AFFF da ƙaho da kofato ake dafa ta, kayan da ke jibge a mayankar Jos da ta kowane babban gari a Arewa. A Japan bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, hukumar kashe gobara ta birnin Kitakyushu ta haɗa kai da jami'a da wani kamfanin sabulu suka fitar da kumfar da aka yi da sabulun man tsirrai don wutar gidaje da katako, tana rage yawan ruwan da ake buƙata kuma tana ruɓewa da wuri. Ka duba gobarar kasuwanninmu, yawancinta katako ne da yadi da katifa da kwali, kuma kukan da aka saba ji shi ne ruwa ya ƙare a mota. Kumfar da za ta sa tanki ɗaya ya yi aikin da ya fi na tanki ɗaya, wadda aka yi da man ƙwara ko na gyaɗa a cikin ƙasa, ai ba ƙaramin abu ba ne ga Katako. Muna da NARICT a Zariya da aikinta kenan binciken sinadarai, muna da RMRDC mai binciken albarkatun cikin gida a Abuja, da cibiyar kimiyya ta Sheda, da sashen kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jos da ABU, ga ɗalibai suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ko ƙaro da muke fitarwa waje ɗanye ya cancanci a gwada shi a ga ko zai riƙe kumfa. Ba na cewa gobe za mu kashe wutar depo da kumfar gida, wannan sai an yi gwaji mai tsanani, amma ta kasuwa da ta daji da ta atisaye ba ta fi ƙarfinmu ba.

Don haka ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A fara da ƙidaya. Hukumarka tare da na jihohi da FAAN mai kula da filayen jiragen sama da masu depo-depon mai da manyan kamfanoni, kowa ya faɗi kumfar da ke sitonsa, wace iri ce, lita nawa, ta wace shekara, haka ma halon da FM-200, kuma a buga sakamakon inda kowa zai gani. Wanda ba a san asalinsa ba a ɗauke shi a matsayin mai fulorin har sai gwaji ya wanke shi.

A hana atisaye da gwajin mota da kumfa mai fulorin daga yau, wannan umarni ne da takarda ɗaya daga ofishinka za ta iya bayarwa ba sai an jira majalisa ba. Akwai kumfar koyo marar fulorin, ruwa ma yana isa ga yawancin darasi. Wadda ke cikin motoci yanzu a bar ta don ainihin gobarar mai har madadi ya iso, kuma inda aka yi amfani da ita a yi ƙoƙarin datse kwata da yashi a rubuta wurin da ranar.

A toshe ƙofar shigowa. Muna roƙon SON da Kwastam da NESREA kar a bar ruwan kumfa ko tukunya ta shigo sai da takardar sinadari da shaidar gwajin fulorin daga ɗakin gwaji mai zaman kansa, kuma a rubuta a jikin kowace jarka da manyan baƙaƙe ko akwai PFAS ko babu, har da Hausa da sauran harsunanmu. A kula da masu cewa tasu sabon samfurin kumfa ce da ake kira C6 don haka ba komai, C6 ma PFAS ce. Kyauta ma a bincike ta, motar kashe gobara ta gwanjo da aka ba mu da tankinta cike ba a san me ke ciki ba. Ƙasar nan ta ga abin da ya faru a Koko a 1988 lokacin da aka jibge mana dubban durom na sharar guba daga Italiya, daga nan aka samu dokar hana shigo da shara mai cutarwa, dokar tana nan sai a yi aiki da ita.

A sa sharaɗi a kwangilar gwamnati cewa sabuwar mota da sabon gini su zo da kayan da ba su da fulorin, sai inda injiniya ya rubuta dalilin da ba zai yiwu ba. Kuma kafin a saya a gwada a nan, da ruwan kududdufinmu mai laka, da fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen manmu, bayan kayan ya sha zafin sito irin na Abuja ko Maiduguri, don gwajin da aka yi a sanyin Turai da ruwa mai tsafta ba shi ne namu ba.

A buɗe wurin karɓar tsofaffin kaya, ko da ɗaya ne a kowace shiyya, inda za mu kai halon da lalatacciyar hoda da kumfar da ba a san asalinta ba ba tare da tsoron kamu ba, a adana su a rufe a kan siminti har a samu hanyar ƙona su da zafin da ya isa. Ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ya san hanyar neman tallafin asusun Montreal, a taimaka a haɗa mu da su.

A gwada ruwan rijiyoyi da rafukan da ke kewaye da filayen jirage da depo da barikoki da wuraren da aka daɗe ana atisaye, a fara da inda mutane ke sha da inda ake ban ruwan lambu, a gaya wa mazauna wurin abin da aka samu ko mai daɗi ko marar daɗi. Jami'an da suka daɗe suna taɓa kumfa a duba lafiyarsu a kuɗin hukuma, a ba su safar hannu da tabarau da wurin wanke kaki a ofis.

Asusun manyan makarantu TETFund da RMRDC su ware kuɗin bincike na musamman kan kumfar gida, hukumarka kuma ta ba masu binciken fili da jami'an da za su gwada musu a kan wuta ta gaske.

Na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. A yi mana rajista, a horar da mu, a ba wanda ya cancanta lasisi, wanda aka kama yana algus a rufe shagonsa. Mu muka fi kowa son haka don masu cika tukunya da garin banza su ne ke karya mana farashi suna ɓata mana suna. Idan ofishinka na jihar Filato ya sa rana, mu za mu tara masu sana'ar na Jos da Bukuru, mu zo da jerin kayan da ke shagunanmu da tsofaffin korayen tukwanen da muka ɓoye muka ƙi sayar wa 'yan gwangwan, kuma shugabannin 'yan kasuwa da na masu lambu sun ce za su zo tare da mu.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon dubawa.

Naka,
Mai sana'ar cika tukwanen kashe wuta, a madadin abokan sana'a,
Jos, jihar Filato.